Kaskar Da Na Cire Da Hannuna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labari ina fasawa, domin babu inda na yi kyan gani a cikinsa. To, ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na ji wata amarya sabuwar zuwa tana tambayar wa ke da kulorokwin a gida, wai mijinta ne ke zazzaɓi. Na ce wa kaina, Rakiya, kunyarki ba ta kai ran mutum ba. Shi ne na zauna na rubuta, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

A shekarun tamanin ne, muna cikin shekararmu ta uku a Greensboro, wani gari a ƙasar Turawa. Maigidana, Baban Nana, yana karatun injiniya a jami'ar da ke gabashin gari. Muna haya a wani bene a High Point Road, tagarmu tana kallon filin sayar da tsofaffin motoci, ni da shi da 'yarmu Nana mai shekara huɗu.

Mahaifinsa mai gyaran keke ne a Funtuwa, cikin baƙin mai da faci ya tashi, kuma son keke bai taɓa barinsa ba. Da aka fara fito da irin kekunan nan masu kaurin taya da ake hawan dutse da su, sai mutumin nan ya rasa sukuni. Wata rana ya dawo daga wani shagon keke a Elm Street da takarda a hannu. Tafiya ce ta kwana biyar a duwatsun yammacin jihar, can bayan Asheville. Akwai jagora, a wuni a kan keke, a kwana a tanti, mota tana biye da abinci.

Na ce, "Baban Nana, da hankalinka za ka biya a kai ka daji ka sha wuya? A gida duk wanda ka gani da keke a kan dutse ai itace ya je yi."

Ya yi dariya ya ce, "Shekara uku ina ɗakin gwaje-gwaje ba rana ba iska. Ki bar ni in ga ƙasar nan sau ɗaya kafin mu koma."

Ban bar shi da daɗin rai ba, amma ya tafi, bayan ƙaramar Sallah da aka rufe makaranta. Jagoran ne da kansa ya zo ɗaukarsa a wata ƙaramar bas, kekuna jere a samanta. Wani dogon Bature ne siriri mai gemu, sunansa Dale. Ya miƙo gaisuwa, na amsa da ƙyar. Tun a ranar na tsane shi, ba don ya yi mini komai ba, sai don shi ne ya ɗauke mini miji ya bar ni da yarinya a garin da ban iya tuƙi ba.

Ranar Lahadi da la'asar suka dawo. Maigidan ya rame, gwiwoyi duk sun kurje, amma bakinsa har kunne. Ya zauna yana zuba labari: hawan da sai an saɓa keke a kafaɗa, rafin da suka tsallaka ruwa har cinya, gangaren da ya riƙe birki har yatsunsa suka sandare. Ya ce ya yi sallar asuba a kan wani falalen dutse, gajimare yana ƙasa da shi. Ya ce Dale mutumin kirki ne, yana tsayar da ayari in lokacin salla ya yi, kuma daban yake dafa masa kifi. Abu ɗaya ne ya ba shi dariya. Wai kowane yamma kafin a ci abinci, sai Dale ya jera su bibbiyu, maza da mata, kowa ya tuɓe riga ɗan'uwansa ya duba masa baya da kai, ko akwai kaska.

"Ni kam na ce a kai kasuwa," in ji shi. "Da girmana in tuɓe gaban matar wani?"

Na ce, "Ka yi daidai. Mutanen nan kunya ce ba su da ita." Muka yi ta dariya.

Da ya yi wanka na zaunar da shi ina shafa masa mai a ka, sai yatsana ya ci karo da wani abu a ƙeyarsa, daidai inda igiyar hular kwano ke bi. Na buɗe gashin. Kaska ce, ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar wake. Ni 'yar masu shanu ce daga wajen Malumfashi. Tun ban iya ɗaura zane ba nake cire kaska daga kunnen maruƙa. Na sa farce na cafke ta, na fizge, na murtsuke ta a bakin taga. Na ce, "Ka tafi mutum ka dawo maraƙi." Na wanke hannu na shiga kicin. Wallahi ban sake tunawa da ita ba.

Ranar Alhamis ciwon kai ya fara. Ba irin wanda aka saba ba. Yana riƙe kan da hannu biyu, ya ce in rufe labule, haske na soke masa ido. Da safiyar Juma'a jikinsa ya ɗau zafi rau, yana rawar ɗari, ga amai, ga ciwon gaɓoɓi. Ni ko tsoro ban ji ba. Na dube shi na ce maleriya ce, tsohuwa ce ta motsa saboda wahalar da ya je ya saya wa kansa.

Na kira Hajiya Balaraba. Ita ce uwarmu a garin nan, ta fi kowa daɗewa, mijinta Alhaji yana da shagon kayan abinci a ƙasa da mu kaɗan. Duk wanda ya je gida sai ya kawo mata magunguna, tana tara su a wani gwangwanin biskit. Kafin azahar ga ta da gwangwanin a hammata.

Ta taɓa goshinsa ta ce, "Sannu Malam Nuhu. Maman Nana, wannan ai ba sai an je asibiti ba. In kika kai shi yanzu sai su ce sai da afoyinmen, su yi ta ɗibar jini, ba su san maleriya ba. Ungo, huɗu yanzu, biyu anjima."

Na ce, "Abin da na faɗa ke nan, Anti."

A ranar da yamma tarho ya yi ƙara. Dale ne. Ya ce yana kiran duk wanda ya yi tafiya da shi bayan 'yan kwanaki, haka yake aikinsa, yaya jikin maigidan? Na ce barci yake yi. Ya ce, "Tambaya ɗaya kawai nake son in..." Na kife kan tarhon. A raina na ce, kai ka jawo mana wannan, kuma za ka zo ka tallata masa wata tafiyar. Ranar Lahadi ya sake kira. Ina jin muryarsa na sake kifewa. Ban gaya wa maigidan ba, ban gaya wa kowa ba.

Tun ranar Asabar ƙaiƙayi ya kama shi, kuma duk wanda ya taɓa shan kulorokwin ya san wannan ƙaiƙayin. Ina goge masa jiki da tawul sai na ga wasu ɗigo-ɗigo a wuyan hannunsa da idon sawu. A baƙar fatarsa ba sa fita sosai, sai ka karkata hannun wajen haske. Na nuna wa Hajiya.

Ta ce, "Maganin ne. Haka yake yi wa Alhaji, har jini yake fitarwa don susa. Alamar yana aiki ke nan."

Na yarda, don abin da nake son ji ke nan.

Ƙwayoyi suka ƙare, zazzaɓi bai sauka ba. Ranar Litinin, kwana biyar da fara ciwo, Alhaji ya kai mu wani ƙaramin asibiti. Awa uku muna zaune a layi, maigidan ya jingina kai a kafaɗata yana nishi, a gaban mutane, shi da ko hannuna ba ya riƙewa a waje. A nan na fara jin tsoro.

Likitan yaro ne matashi. Kuma a nan zan faɗi laifina ba tare da na rage komai ba. Bai gama zama ba na fara. Na ce daga Nijeriya muke, maleriya ce, mun ba shi kulorokwin bai ji ba, a ba shi mai ƙarfi. Ya ce yaushe rabonmu da gida? Na ce shekara uku. Da na ga kamar yana shakka, na ce masa na san maleriya tun kafin a haife shi. Ya duba fatar maigidan sama-sama, bai ga komai ba. Shi ma dai da ya ji Afirka sai hankalinsa ya tafi can bai dawo ba. Bai tambayi inda mutumin nan ya je makon jiya ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Aka ɗebi jini, aka ce mu koma gida mu jira sakamako.

Washegari da hantsi ina dama kunu na ji Nana ta shigo kicin a guje tana cewa, "Mama, Daddy is talking funny." Na same shi zaune a bakin gado, ido jawur, yana miƙa hannu yana cewa, "Baba, miƙo mini sifana, sarƙar ta zame." Mahaifinsa ya rasu tun kafin aurenmu. Na ce, "Baban Nana, ni ce." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na ruga wajen tarho.

A babban asibiti ba su sa mu jira ba, wannan kam na gode musu. Amma abin da ya biyo baya har yau yana mini ciwo. Suka sa shi a ɗaki shi kaɗai, suka manna takarda a ƙofa, duk mai shiga sai ya rufe hanci da baki ya sa safar hannu. Likitoci suna zuwa rukuni-rukuni suna yi mini tambayoyi. Akwai ɓeraye a gidanmu na Nijeriya? Mun taɓa cin naman biri? Wani baƙo ya zo mana daga gida kwanan nan? An aiko mana da kilishi? Duk cutar da suke nema ta ƙetaren teku ce. Aka tsira masa allura a gadon baya aka ɗebi ruwa, aka ce ko sanƙarau ne, aka ɗaura masa maganinsa. Sakamakon jinin Litinin ya fito, babu maleriya ko alama.

Da na ji haka na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Kwana uku ina ɗura wa mutum maganin cutar da ba ya da ita.

Wata nas ce ta riƙe ni a kwanakin nan, baƙar fata, dattijuwa, mai faɗin jiki. Ita ta nuna mini ɗakin ajiyar zannuwan gado inda zan riƙa salla, ta kuma hana kowa shiga in ina ciki. Ban taɓa roƙonta ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Ranar Laraba jikinsa ya fara kumbura, fitsari ya ragu, yatsun ƙafarsa suka yi sanyi suka fara duhu. Ba ya magana kuma, sai nishi. 'Yan'uwa suka cika barandar asibiti, kowa da shawararsa. Wani ya ce a mayar da shi wani asibitin. Wani ya kawo zamzam. Wata ta ja ni gefe ta ce duwatsu ba a shigarsu haka kawai, iskoki ne ya taka, a nemi rubutu. Na karɓi zamzam, na ƙyale sauran. Da yamma wani likita ya zaunar da ni ya ce in akwai danginsa da za a sanar, gara a sanar. Alhaji ya ce zai nemi layin Funtuwa ta wajen wani ɗan'uwansa a Kaduna. Na ce ya dakata. Ban san me zan ce wa mahaifiyarsa ba.

Ranar Alhamis, kwana takwas da fara ciwo, nas ɗin nan ta kore ni. Ta ce in je gida in yi wanka in ga 'yata, in ba haka ba gado biyu za su shimfiɗa. Alhaji ya sauke ni da azahar ya wuce shago. Ina hawa matakala na ga mutum zaune a ƙofarmu, dogo, da gemu, riƙe da shuɗiyar butar maigidan.

Ya miƙe ya ce, "Ya manta wannan a motata. Na san yana amfani da ita kullum." Sannan ya dubi fuskata da kyau. "Ina yake?"

Raina ya ɓaci nan take. Duk abin da na tara kwana takwas na sauke masa. Na ce yana asibiti, yana mutuwa, kai ka kai shi ka gajiyar da shi har ciwo ya samu hanya. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali.

"Zazzaɓi ne? Da ciwon kai mai tsanani?"

Na ce eh.

"Yaushe ya fara?"

Na ce Alhamis ɗin da ta wuce. Na ga yana lissafi da leɓɓansa, fuskarsa ta canza.

"Ki saurare ni. Abin da nake ta kira in tambaya ke nan. An ga kaska a jikinsa?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga bakin tagar nan a idona, da jinin da na murtsuke a kai. Na ce, "Ni na cire ta. A ƙeyarsa. Ranar da kuka dawo."

"Kin gaya wa likitoci?"

"Kaska ce fa kawai."

Ya ce, "Shiga mota."

Ban yi wankan ba, ban ga Nana ba. Mutumin da na kife wa tarho sau biyu ya tuƙo awa uku don ya kawo buta ya yi tambaya ɗaya, kuma shi ne ya ɗauke ni a bas ɗinsa, kekuna suna ƙara a samanmu. A hanya ya ce kaskar yankin nan tana ɗauke da wata cuta, in aka gane ta da wuri ba komai ba ce, in aka bar ta tana kisa. Shi ya sa yake jera mutane kowane yamma, shi ya sa yake bin su da tarho. Na tambaye shi ko kwana takwas ya yi yawa. Sai kawai ya ƙara wa motar wuta.

A asibiti ba a bar shi ya wuce teburin nas-nas ba, tunda ba dangi ba ne. Ya tsaya nan yana magana da ƙarfi har aka juyo ana kallonsa. Ni kuma na tare likitan da ke bakin aiki na faɗa masa komai, tafiyar, dajin, kaskar. Ya dube ni, ya ce me ya sa ban faɗa ba tun farko? Na ce me ya sa ba ku tambaya ba? Ya ɗaga tarho.

Wata tsohuwar likita ce ta zo, gajeriya mai furfura. Ba ta tsaya sa safar hannu ba. Ta kama hannun maigidan ta buɗe tafinsa a ƙarƙashin fitila, ta yaye bargo ta duba tafin ƙafarsa. A wurin da fatar ke da haske, ga ɗigon nan birjik, jajaye sun fara komawa baƙaƙe. Ni na gan su tun ranar Lahadi ina yi masa alwala, na ce kulorokwin ne.

Ta ce, "Rocky Mountain spotted fever." Wato zazzaɓi mai ɗigo-ɗigo na duwatsun Rocky. Sunan nan ba zai taɓa fita daga kaina ba. Ta ce kada sunan ya ruɗe ni, ba sai an je waɗancan duwatsu masu nisa ba, a nan jihar duk bazara suna ganin cutar. Ta ce ba za ta jira gwaji ba, yanzu za a fara magani. Ta sa aka yage takardar da ke ƙofa.

Na ce, "Zai tashi?"

Ta ce, "Da a kwana ukun farko aka zo da wannan labarin, ƙwayoyi zan ba shi ya sha a gida. Yanzu kam, ki tambaye ni ranar Asabar."

Ban san yadda zan kwatanta kwana biyun nan ba. Ina zaune ina kallon ruwan magani yana ɗiga, ina ƙirga numfashinsa. Ranar Juma'a zazzaɓin ya ƙara hawa maimakon ya sauka, suka lulluɓe shi da ƙanƙara. Ina riƙe da hannunsa ina lissafi, ba na so amma na kasa dainawa. Dale ya kira tun waccan Juma'ar ta farko, kwana biyu da fara ciwo. Da na bari ya ƙarasa maganarsa, da shi ke nan. Hajiya tana gefena tana jan carbi tana kuka tana cewa ita ce ta kashe shi da gwangwaninta. Na bar ta tana faɗa. Ban ce mata, Anti, ni ce, ba.

Ranar Asabar da safe na ga gumi ya jiƙe masa wuya. Nas ɗin ta auna shi, ta sake aunawa, ta dube ni ta gyaɗa kai. Wajen ƙarfe goma ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Rakiya, wannan wane gari ne?" Ya kira sunana. Na faɗi a gaban gadon na yi sujada, ko alƙibla ban duba ba.

Rai ya tsira, amma cutar ba ta tafi hannu banza ba. A mako na uku yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu suka bushe suka yi baƙi ƙirin, dole aka yanke su. Kunnensa na hagu kuma ya toshe, likitar ta ce mai yiwuwa ya dawo, bai dawo ba. A mako na huɗu aka sallame mu. Ya yi wata biyu yana koyon tafiya daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa matakala, ni ina wanke ciwon safe da yamma. Karatunsa ya ja baya da shekara guda. Inshorar makaranta ta ɗauki abin da ta ɗauka, 'yan'uwa suka rufa mana asiri a sauran. Hajiya Balaraba ta riƙe Nana wata guda cur, kullum kuma sai ta aiko da kunu da farfesu. Ita da kanta ta juye gwangwanin nan a shara, ina tsaye. Har yau ina jin haushin likitocin da suka ga baƙar fata suka tafi neman cuta a Afirka, amma su ne kuma suka ceto shi, ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

Don haka 'yan'uwa, ga abin da nake roƙonku. Zazzaɓin ƙasar nan ba na gida ba ne, kada ku yi masa suna da kanku. In mutum ya shiga daji ko ciyawa, ko da filin wasan yara ne, a duba shi tun daga ka har ƙafa. In an cire kaska, a riƙe ranar. In zazzaɓi ya biyo baya, kalmar farko da za ku faɗa wa likita ita ce kaska, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kuma ku sa shi ya buɗe tafin hannu da tafin ƙafa, don a fatarmu nan ne abin ke fita.

Saura abu ɗaya. Maganar tarhon nan ta zauna mini a ƙirji wata da watanni. Dale bai taɓa faɗa ba, ko da ya zo dubiya sau biyu. Ni kuma na kasa. Sai na samo wata dabara ta ragwaye. In ina naɗe masa bandeji ya kishingiɗa, sai in zauna ta hagunsa, in sunkuya daidai kunnen da ba ya ji, in faɗa a hankali. Ya kira sau biyu, na kife. Yatsunka da kunnenka ni na ci su. Ka yafe mini. Sai in ji sauƙi na kwana biyu, sannan abin ya dawo.

Wata rana da la'asar, da ya fara iya sauka ƙasa, muka kai Nana filin wasa. Muna zaune a benci tana birgima a ciyawa. Ina ta hagunsa, na sunkuya na fara karatuna. Bai juyo ba ya ce, "Rakiya, kin daɗe kina gaya wa kunnen nan wani abu. Ba na ji, amma ina jin numfashinki. Zagayo ki gaya wa mai ji."

Na zagaya. Na faɗa masa duka, har da ranakun.

Ya zuba wa takalminsa na hagu ido. Na ɗauka shi ke nan, ba zai ƙara dubana da idon da ya saba ba. Can ya ce, "A kwana na biyu a dutsen, Dale ya same ni ni kaɗai bayan tanti. Ya ce ya gane ba na son tuɓewa a gaban mata, in bari shi ya duba ni, namiji da namiji, ba mai gani. Na ce masa na riga na duba da madubi. Ba ni da madubi, Rakiya. Kullum sai ya tambaya, kullum sai in yi masa ƙarya."

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya ce, "Ke ba ki da kunnen da ya mutu."

Na yi dariya, hawaye yana zuba. Ya kira Nana, ta taho duk ciyawa a kai. Ya zaunar da ita a cinyarsa yana buɗe kitsonta layi-layi yana dubawa, ya duba bayan kunnuwanta da wuyanta. Da ya gama ya sauke ta. A nan kan benci, mutane suna wucewa ta gabanmu, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya sunkuyar mini da kai.

Ya ce, "Duba mini."